Riƙon Ƙungiyar Sa-kai: Abin Koyi Daga Tsarin Rotary

(Kiɗan buɗe shiri)

 

Maganarmu ta yau a kan riƙon ƙungiya take. Da wuya a sami mai sauraronmu da ba ya cikin wata ƙungiya: ta ci gaban unguwa, ta tsofaffin ɗalibai, ta 'yan kasuwa, ta matasan gari, ko ta mata masu taimakon juna. Kafa ƙungiya ba ya ba mu wuya. A taru bayan la'asar, a zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji, a yi addu'a, a watse da murna. Inda gizo yake saƙa shi ne bayan shekara uku ko huɗu, lokacin da zumuɗi ya kwanta, kuɗi suka fara shigowa, wa'adin shugaba ya cika amma ba wanda yake son ya fara tayar da maganar.

Saboda haka yau za mu leƙa cikin wata ƙungiyar sa-kai ta duniya, wato Rotary, wadda ke nan tana aiki tun shekarar 1905. Ba kiran kowa ya shiga muke yi ba. Abin da muke so mu gani shi ne yadda mutane sama da miliyan ɗaya, waɗanda ba wanda yake biyan su albashi, masu bambancin harshe da addini da ƙasa, suka iya riƙe ƙungiya ɗaya har tsawon wannan lokaci ba ta wargaje ba.

(Ɗan kiɗa)

Mu fara da tushe, a taƙaice. Ranar 23 ga Fabrairu, 1905, wani lauya mai suna Paul Harris ya zauna da abokansa uku a wani ofis a birnin Shikago na ƙasar Amurka. Ɗaya injiniyan ma'adinai ne, ɗaya mai sayar da kwal, ɗaya kuma tela. Abota da taimakon juna a sana'a suka haɗa su da farko, daga baya suka karkata ga yi wa al'umma hidima. A 1910 kulob 16 suka haɗu suka zama ƙungiya guda a Amurka. A 1922 ta ɗauki sunan da ake kiran ta da shi yau, Rotary International. Hedikwatarta tana garin Evanston, kusa da Shikago.

Mu ma nan labarin ya shafe mu. Kulob na farko da aka ba takardar shaida a Najeriya a Kano yake, a shekarar 1961, a wannan shekarar kuma na Legas da na Ibadan suka biyo baya.

To, yaya aka tsara ta?

A ƙasa akwai kulob. Ku lura da wannan, jama'a: a dokar Rotary, mutum mamba ne na kulob ɗinsa, kulob ɗin kuma shi ne mamba a uwar ƙungiya ta duniya. Kowane kulob yana da shugabansa, da shugaba mai jiran gado, da magatakarda, da ma'aji, da kwamitin gudanarwa. Shi yake zaɓen aikin da zai yi wa garinsa, ko haƙa rijiyar burtsatse, ko gyaran aji, ko sayen magani. Ba daga Amurka ake aiko masa da umarni ba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma duk kulob ɗin da ya karɓi takardar shaida ya amince da kundin tsari guda da ya hau kan kowa, yana kuma biyan kuɗin ƙa'ida a kan kowane mamba sau biyu a shekara, a Janairu da Yuli. Wanda ya ƙi biya har aka wuce lokacin da aka ɗibar masa, ana janye takardarsa, komai girman mutanen da ke cikinsa.

Sama da kulob akwai gunduma, wadda ta ƙunshi kulob da dama, kuma gundumomin duniya sun haura 500. Kowace tana da gwamna. Kada sunan ya ruɗe ku, ba gwamnan mulki ba ne, ɗan sa-kai ne kamar sauran, ba shi da albashi sai abin da ake ba shi na hidimar zirga-zirga. Aikinsa ya ziyarci kowane kulob da ke ƙarƙashinsa, ya ƙarfafa masu rauni, ya sasanta masu saɓani.

Gundumomi an tara su cikin shiyyoyi 34. Daga shiyyoyin nan ake fitar da daraktoci 17, kowanne da wa'adin shekara 2. Su 17 ɗin nan, da shugaban ƙungiya na duniya, da mai jiran gadonsa, su 19 ke nan, su ne hukumar gudanarwa. Ban da su akwai babban sakatare, wanda shi ma'aikaci ne mai albashi, shi yake jagorantar ma'aikatan hedikwata da na ofisoshin da ke wasu ƙasashe. Yana zama a taron hukuma, yana ba da shawara, amma ba ya jefa ƙuri'a. An raba mai yanke hukunci da mai aiwatarwa.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, yanzu ga wurin da nake so mu ɗan daɗe, wato maganar wa'adi.

Shekarar Rotary tana farawa ranar 1 ga Yuli, ta ƙare ranar 30 ga Yuni. Ranar 1 ga Yuli ɗin nan, shugaban duniya yana sauka, gwamnonin gundumomi suna sauka, shugabannin kulob suna miƙa ragama. Shekara ɗaya ce wa'adin, tun daga kan shugaban ƙaramin kulob har zuwa na duniya.

Wani zai ce, ai wannan ɓarna ce, mutum bai gama sanin kan aiki ba an ce ya tashi. Da haka abin zai kasance, in da ba a yi tanadi ba. Amma tun ran gini ran zane. Ana zaɓen magaji tun da sauran lokaci mai tsawo. Shugaban kulob yakan yi shekara guda a matsayin mai jiran gado, yana zama a kwamitin gudanarwa, yana ganin yadda ake yi, kuma wajibi ne ya halarci taron horo kafin ya hau. Gwamnan gunduma ana fitar da sunansa shekara biyu ko fiye kafin ya karɓi aiki, kuma a farkon shekarar da zai hau, ana tara dukkan gwamnoni masu jiran gado na duniya wuri guda a ba su horo. Saboda haka ranar da mutum ya hau kujera, ba baƙo ba ne a kanta.

Sannan akwai tsani da ba a tsallake shi. Ba ka zama gwamna sai ka taɓa shugabantar kulob, ka kuma shekara aƙalla 7 kana mamba. Ba ka zama darakta sai ka yi gwamna. Ba ka zama shugaban duniya sai ka yi darakta. Kuɗi ba ya sayen wannan tsani. Bugu da ƙari, dokar ƙungiya ta hana yaƙin neman zaɓe a waɗannan muƙamai: ba raba takardu, ba bin mutane ana roƙon ƙuri'a. Kwamiti ne ke zama ya tantance, kuma wanda aka kama yana yi wa kansa kamfe ana iya cire sunansa.

Wannan tsani ne Jonathan Majiyagbe, babban lauya mazaunin Kano, ya hau daga kulob ɗin Kano, mataki-mataki, har ya zama shugaban Rotary na duniya daga 2003 zuwa 2004. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan kujera.

An ga amfanin tsarin a lokacin jarrabawa. A watan Yulin 2017, Samuel Owori, ɗan ƙasar Yuganda, wanda aka riga aka zaɓa zai hau shugabancin duniya a shekara mai zuwa, ya rasu. Rashi ne babba, amma ƙungiya ba ta shiga ruɗani ba, don doka ta riga ta faɗi abin da za a yi in haka ta faru. Kwamitin tantancewa ya sake zama, aka fitar da Barry Rassin na tsibiran Bahamas, ya hau a kan lokaci ranar 1 ga Yuli, 2018.

Ku kwatanta da abin da muka saba gani. Shugaba ɗaya shekara goma sha, takardun ƙungiya suna ɗakinsa, lambar asusu tana kansa, ranar da ya kwanta ciwo ko ya yi fushi, ƙungiya ta kwanta tare da shi. Sau da yawa mutumin kirki ne, ba mugu ba. Laifin na tsarin ne da bai tilasta mana shirya magaji ba.

(Kiɗan rabin shiri)

Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan yadda ake riƙon ƙungiyar sa-kai, muna ɗaukar misali da ƙungiyar Rotary.

Mu koma kan doka. Wa yake da ikon canza ta? Ba shugaba ba ne, ba kuma hukumar gudanarwa ita kaɗai ba. Akwai majalisar dokoki da ke zama sau ɗaya duk shekara uku, kowace gunduma tana aika wakili ɗaya, kowane wakili da ƙuri'a ɗaya. Wakilin gunduma daga Najeriya da wakilin gunduma daga Japan, nauyin ƙuri'arsu ɗaya ne. Ko ƙaramin kulob yana iya kawo ƙudurin gyara, in gundumarsa ta mara masa baya. Gyaran babban kundin tsari kuwa sai kashi biyu cikin uku sun amince.

Kada a ɗauka wannan majalisa ba ta kuskure, ko ba ta jan ƙafa. Tarihin shigar mata ya isa misali. Shekaru masu yawa doka ta ce maza kaɗai ne mambobi. Tun 1950 wani kulob daga Indiya ya nemi a cire wannan sharaɗi, ba a yarda ba. A 1964 wani daga Silon, wadda ake kira Siri Lanka yanzu, ya sake kawo maganar, ba ta wuce ba. Daga baya wani kulob a garin Duarte na jihar Kalifoniya ya karɓi mata uku, uwar ƙungiya ta janye takardarsa a 1978. Aka shiga kotu, shari'a ta yi ta tafiya har Kotun Ƙolin Amurka, wadda a watan Mayun 1987 ta yanke hukuncin da ya goyi bayan kulob ɗin Duarte. A 1989 majalisar dokokin Rotary ta buɗe wa mata ƙofa a duk duniya. Ko bayan haka, sai a 2022 mace ta fara zama shugabar duniya, wato Jennifer Jones ta ƙasar Kanada.

Tafiyar ta yi jinkiri ƙwarai, har sai da kotu ta sa baki. Amma ku duba abu guda: da hukunci ya fito, ƙungiya ba ta dare gida biyu ba. Akwai zauren da aka yarda da shi, aka koma can aka gyara doka. Haka a 2016 majalisar ta sassauta dokar taron mako-mako, ta ba kulob damar tsara lokacin taronsa, muddin zai zauna aƙalla sau biyu a wata, ko da ta intanet ne. Mu kuwa sau nawa saɓani a kan sakin layi guda na doka ya haifar da ƙungiya biyu masu suna iri ɗaya, kowace da shugabanta?

(Ɗan kiɗa)

Yanzu sai babbar magana, maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi kashe ƙungiyoyi.

Rotary ta raba aljihu biyu. Kuɗin ƙa'ida da mambobi ke biya, da su ake tafiyar da ofis da harkokin gudanarwa. Kuɗin sadaka da gudummawa kuwa suna shiga wata gidauniya dabam, mai rajistarta dabam, mai amintattunta 15, kowanne da wa'adin shekara 4. Gidauniyar nan ta samo asali ne a 1917, lokacin da shugaban ƙungiya na wancan zamani, Arch Klumph, ya ba da shawarar a kafa asusun yin alheri. Gudummawar farko da ta shiga dala 26 ce da santi 50, daga kulob ɗin birnin Kansas.

Abin da aka tara a asusun shekara-shekara ba a kashe shi nan take. Ana juya shi tsawon shekara 3, sannan a raba: kaso ya koma hannun gundumar da ta tara don ta zaɓi ayyukan da za ta yi, kaso ya shiga asusun duniya. Kamar manomi ne da ke ware iri tun ranar girbi, kafin a fara awo a gida. Ta haka kowace gunduma ta san abin da za ta samu tun kafin lokaci, ta tsara aikinta a kai.

In kulob yana son babban tallafi daga gidauniya, wanda kasafinsa ke farawa daga dala 30,000, akwai sharuɗɗa. Dole ya sami abokin aiki, wato wani kulob ko gunduma daga wata ƙasa, don idanu biyu su kalli kuɗin. Dole a fara zuwa wurin jama'ar da za a yi wa aikin a ji buƙatarsu daga bakinsu. Dole a buɗe asusun banki na musamman don kuɗin tallafin, kuma ba a fitar da ko kwabo sai mutum biyu sun sa hannu. Dole a adana rasit da takardu aƙalla shekara 5. Dole a kai rahoto duk wata 12, da rahoton ƙarshe bayan an gama. Wanda bai kai rahoto ba, ba ya samun wani tallafin. Akwai kuma ƙwararru daga cikin mambobi, injiniyoyi da likitoci da masu binciken kuɗi, da ake turawa su duba aiki da idonsu.

Ga wata doka da ta cancanci a yi tunani a kanta: mamba, da matarsa ko mijinta, da 'ya'yansa da jikokinsa, ba sa cin tallafin karatu na gidauniyar. Kai ka ba da kuɗin, amma ɗanka ba zai amfana da su ba. An toshe ƙofar zargi tun kafin zargin ya zo.

Jama'a, neman rasit a hannun ma'aji ba cin fuska ba ne. Kariya ce gare shi. Mutumin kirki da yawa sunansa ya ɓaci a gari, bai ci ko sisi ba, don kawai ba shi da takardar da zai nuna ranar da aka tambaye shi.

(Ɗan kiɗa)

Me wannan tsari ya haifar? Mafi girman misali mun gan shi a ƙofar gidajenmu, wato yaƙi da cutar shan-inna. A 1979 Rotary ta fara aikin yi wa yara miliyan 6 rigakafi a ƙasar Filifin. A 1985 ta ƙaddamar da shirin PolioPlus. A 1988 ta haɗa hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya, da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, lokacin da cutar ke nakasa yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Gudummawar da Rotary ta zuba a wannan aiki ta haura dala biliyan 2.

Hanyar ba ta zo da sauƙi ba. Mun tuna yadda aka dakatar da rigakafin a Kano a 2003 saboda shakku, har zuwa tsakiyar 2004. A 2012 fiye da rabin yaran da cutar ta kama a duniya a Najeriya suke. Sai da sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya da matan da ke shiga gida-gida suka tsaya tsayin daka, sannan aka ga haske. Kamuwa ta ƙarshe da asalin ƙwayar cutar a Najeriya an same ta a jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Amma iyaye, a ci gaba da fito da yara idan masu rigakafi sun zo, don har yanzu wani nau'in cutar yana ɓulla a inda rigakafi ya yi ƙaranci.

Abin lura a nan shi ne, tun 1985 shugabannin Rotary da dama sun hau sun sauka, kowanne shekara guda, amma alkawarin kawar da cutar bai sauka tare da kowa ba. An rubuta shi a matsayin aikin ƙungiya, kowane sabon shugaba ya tarar da shi ya ɗora.

Tsarin yana da nasa rauni, kuma ya kamata a faɗa. A matakin kulob, gajeren wa'adi yakan sa sabon shugaba ya so fara nasa aikin da za a tuna da shi, a bar rijiyar bara ba gyara. Kuɗin ƙa'ida da hidimomin taro suna yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi, musamman inda kuɗin ƙasa ya faɗi a gaban dala, shi ya sa wasu ke kallon irin waɗannan kulob a matsayin zauren masu hali. Yawan takardu kuma yakan gajiyar da ɗan sa-kai mai sana'arsa. Ba komai nasu ne zai dace da mu ba, sai mu ɗauki abin da zai amfane mu.

Kafin mu rufe, ga abubuwa biyar da kowace ƙungiya za ta iya farawa da su a taronta na gaba, ba tare da kashe ko naira ɗaya ba.

Na farko, a rubuta doka, ko da shafi biyu ne, da harshen da kowa yake ji, a karanta ta a gaban kowa, a kuma rubuta yadda za a gyara ta in buƙata ta taso.

Na biyu, a sa wa kowane muƙami wa'adi da ranar sauka, a zaɓi magaji tun da wuri, ya zauna kusa da mai ci ya koyi aiki.

Na uku, kuɗin ƙungiya su zauna a asusun ƙungiya, da sa hannun mutum biyu ko uku. A raba kuɗin gudanarwa da kuɗin taimako, kada a ci shinkafar taro da kuɗin marayu.

Na huɗu, ma'aji ya karanta lissafi a bainar jama'a a kan kari, a kuma naɗa masu binciken kuɗi waɗanda ba sa cikin shugabanni.

Na biyar, duk wanda shi ko ɗan'uwansa zai amfana da wata kwangila ko wani tallafi, ya faɗa da bakinsa, ya fita daga zauren har a gama yanke shawara.

Shugabanni, amana ce a wuyanku, kuma sauka a kan lokaci yana cikin cika amanar. Mambobi, ku halarci taro, ku biya kuɗin ƙa'ida, ku yi tambaya cikin ladabi, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau.  Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya sa albarka a ƙungiyoyinmu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)